Kunne Ya Girmi Kaka

'Yata, na saurari abin da kika turo mini. Sau uku na saurare shi, na ƙarshen bayan sallar isha'i, gari ya yi tsit. Allah ya yi miki albarka. Shekara nawa muna cewa a zauna da Inna a naɗi labaran bakinta, kowa yana cewa sai gobe. Ke ce ƙaramarmu, kuma ke kika ɗauki waya kika zauna a gabanta. Wannan kaɗai ya isa a gode miki.

Kin ce in gaya miki gaskiya game da gyaran da kika yi. To, zan faɗa. Rurin janaretan maƙwabta ya tafi, wannan haka yake. Sai dai ya tafi da wani abu na muryar Inna. Muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, ƙarshen kalmominta yana wata irin kyarma kamar ana ɗura ruwa a kwalba. Kuma ba ta numfashi. Magana na bin magana ba hutu, kamar mai karanta sanarwa. Ni da na sha nononta na san ba haka take magana ba. Garin neman gira an taɓa ido. Kada ki damu. Duk wanda ya fara wannan aiki ta nan yake bi, hannunsa yana rigan kunnensa.

Manhajar da kika sauke, Audacity, abar kirki ce, ba ta da laifi. A shekarar 1999 wani ɗalibi, Dominic Mazzoni, da malaminsa Roger Dannenberg suka fara ta a jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka. A 2000 suka sake ta ga duniya kyauta, masu aikin sa kai suka ci gaba da raya ta. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta, kuma har yau ba a biyan ko kwabo. Ta kwamfuta ce dai, ba su yi ta waya ba. In kin ga mai irin sunanta a rumbun manhajojin waya, ki sani ba ita ba ce. Akwai wasu na kyauta irinta, kamar Ocenaudio, da GarageBand ga masu na'urorin Apple. Amma ki riƙe guda ɗaya ki san ta ciki da bai. Ya fi miki yawo tsakanin biyar.

Wani lokaci in na ga abin da ke cikin kwamfutarki sai in tuna ɗakin tace shirye-shirye na gidan rediyon da na yi aiki. Mu da tef muka yi aiki, mai naɗe a faifai biyu. Yana gudu santimita 19 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan taƙi guda. Daƙiƙa ɗaya ta maganar mutum, taƙi ɗaya a hannunka. Kana iya riƙe kalma tsakanin yatsu biyu. In za mu yanke, sai mu kama faifan biyu da hannu muna juya su gaba da baya a hankali, muryar tana gurnani, har mu gano daidai inda kalma ta fara. Mu ɗiga alama da fensir mai maiƙo. Mu sa reza. A karkace ake yankan, ba a miƙe ba, don kada kunne ya ji wurin haɗin. Guntun da muka cire kuwa ba ma yar da shi nan take. A wuya muke rataya shi, ko za a neme shi.

Reza ba ta san nadama ba. Shi ya sa muke saurare sau biyar kafin mu yanka sau ɗaya. Ke kuwa kina da Ctrl da Z, kina dannawa abin da kika yanke ya dawo. Ni'ima ce babba. Amma sauƙin yanka yana sa a yi ta yanka. Abin da nake so ki gada daga zamaninmu shi ne wannan jinkirin.

Kafin komai, ki adana na asali. Fayil ɗin da ya fito daga wayarki, yadda yake da janaretansa da tarinsa, ki kwafe shi wuri uku: a kwamfuta, a filashi, da kuma wani wuri da ba gidanku ba. Kada ki taɓa shi. A kan kwafi za ki riƙa aiki. Ki kuma sani cewa dawo da abin da aka yanke yana aiki ne muddin ba ki rufe aikin ba. Kina rufewa, manhajar ta manta hanyar da kika biyo. Gobe in kin buɗe, abin da kika bari shi za ki tarar. Inna ta haura tamanin, 'yata. Wani labarin ba za ta sake ba da shi yadda ta ba ki ba.

Tunda kin ce za ki koma ki ƙarasa, bari mu yi maganar ɗauka, don rabin gyara a can ake yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kin zaunar da ita a falon nan mai tayil da siminti, shi ya sa muryar ke dukan bango tana dawowa. Amsa-kuwwa in ta shiga cikin murya, fitar da ita aiki ne ja. Ki kai ta ɗakinta na ƙasa, mai azara, inda akwai katifa da labule da darduma da tarin zannuwa. Kayan laushi suna shanye amo. Ki kashe fanka, ko da za ku ɗan sha zafi na rabin awa. Ki danna alamar jirgin nan a waya don kada kira ya shigo. Ki zaɓi lokacin da unguwa ke lafawa, bayan hantsi yara sun tafi makaranta.

Sannan ki matso da wayar. Wannan ya fi duk wata dabara da ke cikin kwamfuta. Duk sanda kika ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar yana faɗuwa da kusan desibel 6, amma rurin janareta yana nan inda yake. Ke kin ajiye wayar a kan tebur, kamu uku daga bakinta. Ki kawo ta taƙi ɗaya ko biyu, ki ɗan kauce da ita gefen baki, don iskar "fa" da "ba" kada ta riƙa bugun makirufon. Ki ɗora ta a kan matashi, kada ki riƙe a hannu, motsin yatsu ma yana shiga. In manhajar ɗaukar tana da ma'aunin ƙarfin sauti, ki lura: ƙolinsa sifili ne, lambobin da ke ƙasa duk da alamar ragi suke. Ki bar muryar tana wasa tsakanin -12 da -6. In ta kai sifili ta yi ja, kan sautin ya aske ke nan, zai riƙa tsagewa. Nonon da ya tafasa ya zube a murhu ba ya komawa tukunya.

Kuma kafin ta fara magana, ki ce kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30, ki naɗi shirun. Za ki ga amfaninsa.

Yanzu hayaniya. Ruwa ba ya tsami banza, kowace ƙara da mafarinta. Akwai wani gunji mai kauri da ke kwance ƙarƙashin naɗinki na biyu, wanda kika yi da kwamfuta. Na wutar lantarki ne, ta caja ya shigo. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, gunjin ma a nan yake zaune, da 'ya'yansa a 100 da 150. Masu koyarwa daga Amurka za ki ji suna cewa 60, don tasu wutar haka take. In kin bi lambarsu za ki yi ta neman ɓarawo a gidan da bai shiga ba. Akwai matata a manhajar da ke cire amo guda ɗaya tak, ki ba ta 50. Akwai kuma wadda ke zubar da duk abin da ke ƙasa da inda kika ce mata. Ki ce mata 80, muryar mace ba ta da komai a ƙasa da nan. Gaba kuma ki zare caja ki yi ɗauka da batir, kin huta.

Abin rage hayaniya, wanda kika danna har ƙarshe, ga yadda yake aiki. Kina nuna masa ɗan wurin da babu magana, ya sansana ya gane ƙamshin hayaniyar, sannan ya bi naɗin yana rage duk abin da ya yi kama da ita. Yana iyawa da ƙarar da ba ta canzawa, irin hucin fanka ko shuuu ɗin makirufo. Ba ya iyawa da carar zakara, ko hon ɗin a-daidaita-sahu, ko kukan jariri. Ki fara da desibel 6. In ta kama ki ƙara, kada ki wuce 12. A cikinsa akwai wurin da za ki zaɓa ki saurari abin da yake cirewa kaɗai. Ki riƙa sauraren wannan. Mai sheƙar hatsi takan duba ƙaiƙayi, in ta ga tsaba a ciki ta san hannunta ya yi ƙarfi. Ke ma in kin ji kalmomin Inna a cikin abin da ake zubarwa, ki sassauta. Kunne yana yafe ɗan huci a bayan murya, minti biyu ya manta da shi. Muryar da aka ƙwaƙule kuwa ba ya sabawa da ita.

Sai yanka, kuma a nan nake so mu daɗe.

Allon kwamfuta yana nuna miki sauti kamar tsaunuka da kwaruruka, sai ido ya ɗauka shi ne alƙali. Mun saba cewa gani ya kori ji. A wannan sana'a ji ne gaba. Ido yana ganin fili tsakanin jimla biyu ya ce ɓata lokaci ne. Kunne ya san cewa a filin nan ne Inna ta haɗiye wani abu kafin ta ambaci sunan yayanta da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Kin cire shirun, sai sunan ya fito kamar tana lissafin cefane. Ki mayar mata da shi. Shirun tsoho magana ne.

Numfashi ma haka. Ki rage wanda ya yi ƙarfi in kina so, amma kada ki share duka. Mai saurare yana numfashi ne tare da mai magana, bai ma sani ba. In babu, sai ya ji ƙirjinsa ya cushe. In za ki cire jimla, ki yanka kafin numfashin da zai buɗe jimla ta gaba, don numfashin nata ne. Bayan kin zaɓi wurin, ki danna Z, manhajar za ta ɗan gusar da bakin yankan zuwa inda igiyar sautin ta ratsa tsakiya, haɗin ba zai yi ƙas ba. In har yanzu ana jin sa, ki ɗora ƙarshen na farko a kan farkon na biyu, ɗaya na dusashewa ɗaya na tasowa. Yankan karkace na zamanin reza ke nan ya sake riga. Inda kuma kike buƙatar ɗan fili, kada ki sa shirun kwamfuta, wanda babu komai a cikinsa. Kunne yana jin sa kamar an faɗa rami. Ki ɗebo daga shirun ɗakin nan da kika naɗa.

Harshenmu yana da nasa sha'ani, wanda masu koyarwa na waje ba za su gaya miki ba. Haruffan ƙ da ts suna fita da ɗan bugu, a allo sai su yi tsini kamar datti. In kin bi su kina gogewa, ko kin sake musu abin cire ƙas-ƙas da ƙarfi, ƙasa na iya komawa kasa, ƙafa ta koma kafa. Sannan "ba" ta ƙarshen jimla, a bakin tsofaffi a hankali take sauka, a allo ba ta fi ƙwayar gero ba. Sau biyu kin datse ta, maganar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Ga kuma ƙananan kalmomin nan, dai da kam da fa da ai. Kin ɗauke su cikon baki ne kin share da yawa. Akwai inda Inna ta ce, "Na yafe masa dai." Kin bar "Na yafe masa." Ki sake saurare. Wannan "dai" ɗin shekara arba'in ce a dunƙule.

Bari in ba ki labarin abin da ya koya mini wannan. Ina matashi aka tura ni wani ƙauye in ɗauko muryoyin manoma a kan bashin takin zamani. Wani dattijo, wanda mutanen garin ke jin maganarsa, ya ce mini za su biya bashin gaba ɗaya bana, ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa in Allah ya sa damina ta yi kyau. Da na dawo, shirin ya zarce lokacinsa da 'yan daƙiƙoƙi. Na duba, na ga jimlar ta cika ko ba wannan jelar. Na sa reza. Taƙi uku na cire. Shirin ya fita, aka ji dattijo ya yi alkawari ba sharaɗi. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar. Masu bin bashi suka riƙe maganarsa, mutanen garinsa suka ce ya ɗaure su da bakinsa. Bayan watanni na koma garin. Bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni ruwa, ya ce, "Yaro, na ba ka magana da wandonta, ka fitar da ita tsirara." Na roƙi gafara ya yafe. Amma abin da ya faru a kansa ya riga ya faru, kuma ban ƙara masa ko harafi ɗaya ba. Ragewa kawai na yi.

Kina ganin yadda ake yi yanzu. A tsinko daƙiƙa 20 daga karatun malami na awa biyu, ko daga jawabin wani shugaba, a watsa a waya. Kafin la'asar an ɓata tsakanin mutanen da suka shekara talatin suna gaisawa. Kayan aikin da ake wannan da shi, shi ne a kwamfutarki. Na san zuciyarki, ba ki da niyyar cutar kowa. Ni ma ban yi niyya ba a lokacin. Don haka duk yankan da za ki yi, ki tambayi kanki: in mai maganar ya ji, zai ce haka na faɗa? In kin yi shakka, ki bar masa kalmarsa, shirin ya yi tsawo.

Haɗa sauti bai kai wannan nauyi ba. Kowane abu ki ba shi layinsa: Inna a layi ɗaya, tambayoyinki a wani, kiɗa a na uku. Muryarki ta fi tata ƙarfi don ke ce kusa da waya. Ki rage taki har su zo kafaɗa ɗaya, kada mai saurare ya riƙa ƙarawa yana ragewa. Kiɗan da kika sa a ƙasa kuwa gishiri ne. In an ji shi a miya ya yi yawa. Ki saukar da shi kamar desibel 18 ko 20 ƙasa da muryar. Manhajar tana da dabarar da ke sa kiɗa ya rusuna da kansa in murya ta taso, ya miƙe in ta tsaya, kamar yaro mai ladabi in babba zai wuce. Ki gwada ta. Amma a ganina labarin Inna ba ya son kiɗa a ƙarƙashinsa. Ki sa a farko, ki sa a ƙarshe, da inda ta sauya zance. Kuma kada ki sa mai waƙa a ciki, baki biyu ba sa magana lokaci ɗaya a fahimce su.

Kiɗan kansa na wane ne? Zanen aro ba ya rufe katara. YouTube da Facebook suna gane kiɗan da ke da mai shi, su toshe sautin ko su sauke aikin. Ko ba su gane ba, haƙƙin mutum ne. Akwai masu gurmi da masu sarewa a garinmu. Ki sami ɗaya, ki gaya masa abin da za ki yi da shi, ki biya shi, ya kaɗa miki minti biyu. Zai fi dacewa da muryarta nesa ba kusa ba.

In kin gama, kada ki yarda da hedfon kaɗai. 'Yan uwanmu a lasifikar waya za su ji, wasu a kasuwa, wasu a kicin. Ki saurara a ƙaramar waya. In kalmomin sun fito a nan, sun fito ko'ina. Kuma kunne yana gajiya kamar ƙafa. Bayan awa ɗaya sai ya fara yi miki ƙarya, komai ya ji daidai ne. Ki tashi ki sha iska. Abin da kika gama da dare kada ki tura sai kin sake ji da safe. Kada kuma ki ƙure ƙarar hedfon, jin da ya tafi ba ya dawowa.

Wajen fitarwa, ki tuna cewa ajiye aiki daban, fitar da sauti daban. Abin da manhajar ke ajiyewa ita kaɗai ke iya buɗe shi. In kin tura wa mutum ba zai ji komai ba. Ki fitar da guda biyu. Na farko WAV, a kan 44,100, ma'aunin da faifan CD ke amfani da shi. Na murya ɗaya yana cin kusan megabait 5 a minti, awa ɗaya ya haura 300. Wannan na ajiya ne. Na biyu MP3, a kan 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, a kan 64 rabin haka, kuma ga magana zalla ya wadatar. Wannan na rabawa ne, don a tausaya wa datar mutane. MP3 yana zubar da wani abu na sautin don ya yi sauƙi, abin da ya zubar kuwa ya tafi. Kada ki gyara MP3 ki sake fitar da shi MP3. Haka kaset yake yi a da, a kwafa daga kwafi, a sake kwafa, har murya ta koma hazo. In gyara ya taso ki koma kan aikin asali. A sunan fayil ki rubuta wanda ya yi magana, da gari, da kwanan wata. Yau kin sani, jikokinki ba su sani ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne inda reza ke zama alheri. A tsakiyar naɗin Inna ta yi maganar rabuwar auren wata a dangi. Da ke take hira, jikarta, ta manta da waya. Matar tana raye, 'ya'yanta suna cikin zauren WhatsApp na dangi da kike son turawa. Magana zarar bunu ce. Kada ki yanke hukunci ke kaɗai, ko na cirewa ko na bari. Ki kai mata, ki sa mata ta ji da kunnenta, ki ce, "Inna, wannan a bari ko a cire?" Abin da ta ce shi ke nan. In ta ce a cire, ki cire wurin gaba ɗaya daga farkon zancen zuwa ƙarshensa, kada ki bar rabi ya zama abin zargi. Na asalin yana nan a ajiye, ba mai ji sai da izininta.

Zakaran nan da ya yi cara lokacin da take labarin ranar da aka kawo ta gidan Baba, na ga kin yi ta fama da shi. Ki bar shi. Ina jin sa na ga tsakar gidan, na ga turmi a gindin bishiyar darbejiya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina gida. Ki zo da kwamfutar da na asalin, mu zauna mu mayar mata da numfashinta ɗaya bayan ɗaya. In kin riga ni zuwa wurinta, ki gaishe ta, ki ce ina tafe. Ki naɗo mini shirun ɗakinta, ko na minti ɗaya ne.